Wanda Ya Fara Busawa

Auta tana cikin kafa hannun riga, ƙafarta a kan keken ɗinki, sai ta ji usur. Ƙafar ta tsaya da kanta, allura ta cake a yadi. Ta kasa kunne. Zuciyarta ta so ta ce yaran makaranta ne, amma ba a tashi ba tukuna, rana tana tsaka, layin ya yi tsit irin na lokacin da maza suka fita nema. Aka sake busawa, doguwar busa, kamar mai yin ta zai amayar da huhunsa. Wannan karon ba ta da abin da za ta yaudari kanta da shi. Ta bayan katangarta ƙarar ta fito, daga gidan Baba Mai Agogo.

Ta zabura, almakashi ya faɗo kusa da ƙafarta ba ta ko lura ba. Ta danna wa ƙofar gida sakata ta sama da ta ƙasa, ta dawo da gudu ta suri 'yarta da ke barci a kan tabarma, ta faɗa ɗaki ta murɗa makulli. Sai a lokacin ta tuna akwai aikin da ke kanta. Ta ciro nata usur ɗin daga jikin ƙusa, ta kafa baki a taga ta busa. Kafin ta sauke numfashi gidan gaba ya amsa, na kusa da shi ya ɗauka, can bakin layi ma aka ɗauka, har ya zama ba ka jin komai sai usur ta ko'ina. 'Yar ta farka ta tsala kuka. Auta ta cusa mata nono a baki, ta rarrafa ƙarƙashin teburin yankan yadi ta takure.

Wanda ya gan ta a haka zai ce tsoronta ya yi yawa, to amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Watannin baya, da rana tsaka irin wannan, 'yan fashi suka shiga wani gida a layin bayansu. Wata baiwar Allah mai sayar da ƙanƙara ta ji hayaniya a maƙwabta, ta buɗe ƙofa ta leƙa ta ga ko lafiya. Leƙen nan shi ne ajalinta. Auta ta je gaisuwa, ta ga inda harsashi ya huda ƙyauren, ta ga yaran matar a jere kan benci, ba wanda ya tuna ya wanke musu fuska. Tun daga ranar ko faranti ne ya faɗi a gidanta sai ta yi salati.

Bayan wannan ne aka kafa kwamitin tsaro. An yi taron a wani aji na makarantar firamare, manyan mutane a kan bencin yara, gwiwa tana gaisawa da haɓa. Aka zaɓi mai kantin magani ya zama shugaba, saboda shi kaɗai ne kullum yake cikin layin, daga ranar kuma sunansa ya ɓace, kowa Ciyaman yake ce masa. Saja ya zo daga ofishin 'yan sanda, wani jami'i ya zo daga hukumar gari da tumbinsa da ƙamshin turarensa. Aka ɗora abin a kan duwatsun murhu uku. Gidaje za su riƙa karo-karo duk wata a biya masu gadi biyu, na rana da na dare. Masu shaguna na bakin titi za su riƙa zuba wa motar 'yan sanda mai. Hukuma kuwa ta kafa ƙofar ƙarfe a bakin layi, ta raba wa kowane gida usur, ta yi alkawarin fitilun titi masu aiki da hasken rana in an cika shekara ana bin ƙa'ida.

Ƙa'idar Saja ne ya faɗe ta, yana buga allo da sanda kamar malamin aji. Wanda ya ji usur ya busa nasa, don ƙara ta kai ko'ina. Mata da yara su kulle kansu, kada mai leƙe ta leƙa. Mazan da ke nan su rufe ƙofar layi. Gidan da ake zargi kuma kada wanda ya sa ƙafa ciki sai 'yan sanda sun iso. "In kuka yi gaban kanku aka harbi ɗaya, ko kuka kashe ɓarawo da hannunku," in ji Saja, "ba ruwanmu. Mu janye motarmu, hukuma ta janye nata." Aka yi tafi. Mutane sun ji tsoro sun gaji, ko mene ne aka miƙo musu a ranar da hannu biyu za su karɓa.

Ba wanda ya kai Baba Mai Agogo murna da usur ɗin. Tsoho ne da ya yi shekaru yana gyaran agogo har idonsa ya ƙi, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo tana aikin jinya a wani gari mai nisa. Ya sa wa nasa igiyar takalmi ya rataya a wuya, ko wanka zai shiga da shi yake shiga. In aka tsokane shi sai ya ce, "Ku riƙe sandunanku, samari. Ni ga tawa bindigar." Kullum da safe ta saman katanga yake gaida Auta. "'Yata, ina amaryata? Ta tashi ko har yanzu tana jan aji?" Sai Auta ta ɗaga jaririyar sama ya gan ta, ya ce shi fa ya gaji da jira, in ba za a ba shi ba a faɗa masa ya nemi wata. Da rana kuma ta wurin nan take miƙa masa kwanon abinci, inda bulo ɗaya ya gutsure katangar ta ɗan yi ƙasa.

A ƙarƙashin tebur, Auta ta lalubo wayarta ta kira maigidanta, direban motar kaya, wanda tun shekaranjiya yake kan hanya.

"Ana busa usur," ta ce cikin raɗa. "A gidan Baba aka fara."

"Innalillahi! Kin kulle?"

"Na kulle."

"Ɗakin fa? To ji nan, Auta, kada ki motsa. Ko me kika ji, kada ki leƙa. Kin dai san abin da leƙe ya jawo wa mai ƙanƙara. Ki rantse min."

"Ba zan leƙa ba."

"Kira Ciyaman ki gaya masa inda aka fara. Yanzu-yanzu."

Gaskiyarsa ne, domin wannan shi ne abin da ba wanda ya yi tunaninsa a ajin nan: in kowa ya busa, na farko ya nutse a cikin sauran. Maza suna can bakin layi sun garƙame ƙofa suna zare ido, ba wanda ya san gidan da za a nufa. Duk layin ita kaɗai ta ji inda abin ya taso. Ta kira Ciyaman, ya ɗauka yana haki.

"Ciyaman, Auta ce, mai ɗinki. Daga gidan Baba Mai Agogo aka fara."

"Kin tabbata?"

"Da kunnena na ji."

"Madalla, kin yi mana babban taimako. Ashe nan suke. Zauna inda kike, mun kira Saja."

Ta ɗan ji sanyi a ranta, ta ga ta sauke nauyi. Ba a jima ba ta ji takun ƙafafu suna matsowa a hankali, da ƙarar sanduna suna goga ƙasa. Tagar ɗakinta tana kallon layi, a rufe take amma magana tana shigowa. Maza ne ba su da yawa, waɗanda sana'arsu ke cikin layin: Ciyaman, da mai walda, da mai wanki da guga, da wasu biyu. Suka raɓe jikin katangarta, nesa da ƙofar Baba, suna magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya bayan ɗaya gidaje suka daina busa, numfashi ya ƙare wa mata. Layin ya koma shiru.

Sai ya rage usur ɗaya. Ba doguwar busar nan ta farko ba ce. Gajeriya ce, siririya, ta fito ta ɗauke, ta fito ta ɗauke, ba ta sauri ba ta jinkiri.

"Baba!" mai walda ya ƙwala kira. "Baba Mai Agogo! Kana ji na?"

Ba amsa, sai usur ɗin.

"Rufe bakinka mana," in ji Ciyaman. "So kake su san inda muke tsaye?"

"Ciyaman, in da mutane a ciki, za su bar shi yana ta busa musu a kunne?"

"Wa ya ce maka shi ke busawa? Ba ka san mutanen nan ba. Su ƙwace su riƙa busawa don wani wawa ya buɗe ƙofa ya shigo."

"Ko kuma ya kulle kansa a banɗaki," in ji mai wanki. "Ni dai yarana ƙanana ne."

Haka tsoro yake, kowace tambaya ka yi masa yana da amsa a aljihu. Ciyaman ya sake kiran Saja, ya sa wayar a fili don kowa ya ji. Saja ya ce suna nan tafe, sai dai man da aka zuba wancan makon ya ƙare, gidan mai kuma sun ce ba za su zuba a kan asusun masu shaguna ba sai ma'ajinsu ya yi magana, shi kuwa ma'ajin ya tafi sarin kaya, wayarsa ba ta shiga. "Muna neman hanya," ya ce. "Ku dai kada wanda ya shiga. Na gaya muku." Ciyaman ya tura mai gadin rana a kan babur ya je ya taho da ko ɗan sanda ɗaya ne mai bindiga.

Auta tana jin duk wannan daga ƙarƙashin tebur. 'Yar ta koma barci da nono a baki. Ƙafarta ta yi tsami amma ta kasa miƙe ta. Ta yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, tana haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan. A idonta ba ta ganin komai sai mutum a tsaye a tsakar gidan Baba, fuska a rufe, bindiga a saite da saman katanga, yana jiran kan da zai fara ɓullowa.

Can sai kunnenta ya tsinto wata ƙara a ƙarƙashin usur ɗin. Ruwa ne. Famfon Baba ke zuba, ba cikin bokiti ba, a kan siminti. Ta rarrafo ta leƙa ta ramin makulli, ta ga ruwa ya biyo magudanar da ta ratsa ƙasan katanga, ya malalo tsakar gidanta har ya jiƙa gefen tabarma. Baba mutum ne da in ya ji famfonta yana ɗiga zai yi ta mita ta saman katanga har sai ta tashi ta matse. Sai kuma ta tuna da safiyar yau. Bai tambayi amaryarsa ba. Cewa ya yi, "'Yata, yau kaina kamar an ɗora min dutse," ta ce ya sha magani ya kwanta, ta koma kan keke saboda mai rigar da yamma za ta zo.

Ta kwantar da 'yar a kan katifa, ta tokare ta da matashin kai. Ta murɗa makulli a hankali, tana jin ƙararsa kamar duk layin zai ji. Ta fito tsakar gida, ruwan ya taɓa tafin ƙafarta da sanyi. Ta yi taku kaɗan ke nan kwanon rufi ya yi ƙara, irin ƙarar da yakan yi kullum in rana ta gasa shi. Ai kuwa ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ba ta san lokacin da ta koma ɗaki ta sake kullewa ba. Ta jingina da ƙofar tana haki, hawaye na zuba, tana jin kunyar kanta, tana kuma jin ko za a yanka ta ba za ta sake fita ba. Ta yi rantsuwa ga mijinta. Tana da jaririya. Mai ƙanƙara ma ai tausayi ne ya sa ta buɗe ƙofa.

Ta daɗe a wurin. Wannan daɗewar ita ce daga baya ta riƙa hana ta cin abinci. Usur ɗin bai daina ba, sai dai tsakanin busa da busa ya fara nisa. Ya fito, sai a yi shiru har ta ce ya ƙare, sannan ya sake fitowa. Ta tsinci kanta tana riƙe numfashi tana jiran na gaba, in ya fito ta saki nata. A nan ne abin ya faɗo mata. Ba mai busa usur haka da gangan. Haka mutum yake numfashi.

Wannan karon ba ta tsaya saurare ba. Ta buɗe ƙofa, ta jawo kujerar keken ɗinkinta ta kai wurin da katanga ta gutsure, ta taka. Ta runtse ido, ta ce, "Allah, ga 'yata nan," ta ɗaga kai, ta buɗe.

Ba kowa a tsakar gidan sai Baba. Yana kwance a gefe ɗaya kusa da famfo, ƙafa ɗaya a lanƙwashe ƙarƙashinsa, buta ta gangara can gefe, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Bakinsa ya karkace, usur ɗin a maƙale tsakanin haƙoransa, duk numfashin da ya fitar sai ya yi ƙara. Idonsa ɗaya a buɗe, kuma ba ƙofa yake kallo ba. Nan yake kallo, daidai inda kanta ya ɓullo.

"Wayyo Allah! Baba!" Ihun ya fito mata da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. "Ku shigo! Ba kowa! Faɗuwa ya yi! Ku shigo, jama'a!"

"Auta, sauka daga nan!" Ciyaman ya ɗaga murya daga waje. "Kin ga cikin ɗakuna? Kin tabbata ba sa ciki?"

"Mutuwa yake yi, Ciyaman!"

"Ki yi haƙuri 'yan sanda na hanya. In muka fasa ƙofar nan…"

Ba ta ji ƙarshen maganar ba. Ta kama saman katanga ta ɗaga jikinta, bulo ya kankare mata ciki, zanenta ya maƙale ya yage, ta faɗa ɗaya gefen a kan gwiwa da tafin hannu. Ta miƙe da ɗingishi ta zare sakatar ƙofar Baba ta wangale ta. Mazan suka ja da baya, sanduna a sama. Suka tsaya suna kallon ta, kai ba ɗankwali, gwiwa na jini. Sannan suka hango abin da ke bayanta. Sandar mai wanki ce ta fara faɗuwa ƙasa.

A ba kowa haƙƙinsa, Ciyaman ne ya fara isa wurin tsohon. Ya durƙusa cikin ruwan da wandonsa mai guga, ya taɓa wuyansa, ya ɗaga hannunsa na dama ya saki, hannun ya faɗi kamar tsumma. "Hawan jini ne," ya ce. "Ɓarin jikinsa ya shanye. Tun yaushe… Innalillahi. Ku nemo mota! Ku nemo mota, don Allah!" Mai walda ya rufe famfon. Auta ta zauna a ƙasa ta ɗora kan Baba a cinyarta, ta sa yatsu a hankali ta zare usur ɗin daga bakinsa. Da ƙarar ta ɗauke sai tsoronta ya ƙaru, domin yanzu sai ta kai kunne kusa kafin ta san yana nan.

"Baba, ni ce. Ga ni na zo. Ka yi haƙuri, Baba."

Hannunsa na hagu ya lalubo nata ya riƙe. Leɓensa ya motsa, wani sauti ya fito wanda ba magana ba ne. Ta ce, "Tana nan lafiya, tana barci," domin ba ta san me kuma zai tambaya ba.

Wani mai tasi da ya dawo cin abinci tun kafin a rufe layin ya kawo motarsa har ƙofa. Aka ɗauki tsohon aka shimfiɗe a baya, Ciyaman ya shiga ya tallafe shi. Auta ta bi motar da ƙafa, ta manta ba takalmi a ƙafarta. A bakin layi motar ta tsaya cak. Ƙofar ƙarfen tana garƙame da ƙaton kwaɗo, makullin kuwa yana aljihun mai gadi, mai gadi yana can a kan babur neman ɗan sanda. Aka yi cirko-cirko. Mai tasi ya yi ta danna ham kamar ƙarfe zai ji. Mai walda ya ruga shagonsa ya dawo da guduma da kurfi, ya hau dukan kwaɗon, shi da ya kafa ƙofar da hannunsa yana alfahari ko giwa ba za ta ture ta ba. Aikinsa mai kyau ne, shi ya sa ya daɗe bai karye ba.

Motar ta fita ke nan sai ga ta 'yan sanda ta shawo kwana da jiniya. Mata suka fara buɗe tagogi. Wata ta ce wa Auta, "Ke, 'yarki ce ke ta kuka tun ɗazu." Ta juya ta koma, sai a ƙofar gidanta ta tuna ta ciki ta kulle, dole ta sake bi ta gidan Baba, ta taka ruwan da ya kwanta a ciki, mai wanki ya riƙe mata tsani ta haura.

Kafin la'asar Ciyaman ya kira mai walda, mai walda ya zo ƙofarta ya yi sallama ya kasa ɗaga kai. Ba ta bari ya faɗa ba, ta riga ta gane Baba ya cika. Likita ya ce da an kawo shi da wuri da akwai abin da za a gwada. 'Yarsa ta ce ta waya kada a jira ta, hanya da nisa. Aka kai shi kafin rana ta faɗi, duk mazan layin suka bi, har da Saja.

Washegari maigidan Auta ya iso, bai ko sauke jakarsa ba ya fara faɗa. "Kin rantse min! Da da mutane a ciki fa? Wa zai riƙe min yarinyar nan?" Ta nuna masa kujerar da har yanzu take jingine da katanga, ta ce, "Nan yake kallo." Ya ɗauki 'yarsa ya fita da ita ƙofar gida, ya daɗe bai dawo ba.

A wurin zaman makoki, a ƙarƙashin rumfar da aka kafa a layi, maganar kwamiti ta taso, Auta tana jiyo ta ta taga. Jami'in hukuma ya zo gaisuwa, ya ce kada a damu, karya kwaɗon ba zai shafi maganar fitilu ba, ai lalura ce. Saja ya ce a gaskiya layin ya bi ƙa'ida yadda ya kamata, maganar mai ce kawai za a gyara. Wani ya ce a ware busa ta rashin lafiya daban, wani ya ce wanda ya faɗi ina ya ga ƙarfin zaɓar busa. Ciyaman, wanda ba a raba shi da magana a taro, ya koma can gefe ya zauna. Da aka matsa masa sai ya ce, "Ina tsaye a ƙofarsa. Awon jininsa ni nake yi masa duk mako." Ya tashi ya shige kantinsa ya ja ƙofa.

Da hantsi 'yar Baba ta iso. Doguwar mace ce mai kama da shi a goshi, idonta ya kumbura saboda kuka da rashin barcin mota. Bayan ta karɓi gaisuwar mata, sai ta aiko a kira mata mai ɗinki. Auta ta goya 'yarta ta shiga, tsoron da take ji bai gaza na jiya ba. Matar ta kama hannuwanta biyu.

"Ke ce Auta. Kullum sai ya yi min zancenki a waya, ke da amaryarsa. An ce ke kika haura katanga. Allah ya saka miki da alheri, ƙanwata."

"Yaya, ni ban yi komai ba."

"Kin yi. Maza suna tsaye." Ta rage murya yadda sauran matan ba za su ji ba. "Sun ce min bai daɗe a ƙasa ba. Kowa haka yake ce min. Ke kika fi kusa. Ya daɗe?"

Auta ta nemi ƙaryar da za ta yi ta rasa. Ta nemi gaskiyar, ita ma ta ƙi fitowa. Ta dai tsaya, hawaye na sauka a kan hannun matar. Ita kuwa ma'aikaciyar jinya ce, ta sha tsayawa a gaban dangin marar lafiya da irin wannan shirun. Ta gyaɗa kai a hankali, ba ta saki hannuwan ba.

"Ya san kin zo?"

"Ya riƙe hannuna."

"To. Nuna min wurin."

Suka fita tsakar gida su biyu. Auta ta nuna mata gefen famfo. Ba abin gani a wurin, an share, rana ta busar da simintin tas, har wani ya ajiye takalmansa a kusa. Matar ta ture takalman gefe, ta tattara zanenta ta tsuguna, ta shimfiɗa tafin hannunta a kan simintin ta bar shi a nan. Auta ta tsaya a bayanta tana jijjiga goyo, inuwarsu ta rufe wurin.